DAGA AJAME ZUWA TIRESHBIL: DARASIN FANSHO A BIRNIN ABIJAN

 A dogon hutun makaranta da ya wuce Allah Ya nufe ni da zuwa Abijan, babban birnin kasuwanci na ƙasar Kwaddibuwa, domin in gano kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya shafe shekara arba'in da 'yan kai a can. Zumunci ne ya kai ni, amma da yake Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilmi, sai na komo da wata tsaraba da ban tafi nema ba, wato bayanin yadda gwamnatin ƙasar take tanadin kuɗin fanshon ma'aikatanta. Na ga ya dace in gutsura wa 'yan'uwana malamai da sauran ma'aikata, tun da dukkanmu hanyar nan muka dosa.

Bari in faɗi dalilin da ya sa maganar fansho take taɓa mini zuciya. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, shekara 35 ya yi yana riƙe da alli. Da ya ajiye aiki sai ya shiga zirga-zirga da fayil a hammata, yau a ce ya dawo gobe, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya, har rai ya yi halinsa garatutinsa bai fito ba. Ni ne na gaji allin, ni ne kuma na gaji fayil ɗin. To, mutumin da ya ga haka a gidansu, duk ƙasar da ya shiga sai ya tambayi yadda tsofaffin ma'aikatanta suke kwana.

AJAME

Ta gaɓar teku na bi: Legas, Kwatano, Lome, Akara, sa'an nan muka ƙetare iyaka daga Elubo zuwa Nowe, muka biyo ta Garan Basam muka shiga Abijan da la'asar. Ɗan kawu ne ya tare ni, ya tura ni cikin wata ƙaramar bas da suke kira gbaka, muka nufi Ajame.

Wanda ya san Kantin Kwari da Sabon Gari da tashar Unguwa Uku, to ya haɗa su wuri guda ya ƙara musu ruwan sama, ya sami Ajame. Tun asuba unguwar take tashi. Yaran mota na rataye a ƙofa suna kwarara kiran sunayen unguwanni, Abobo, Yofugon, Anyama. Masu turin baro na neman hanya. Mata sun baza atamfa da takalma har bakin kwalta. Babban titin Nangui Abrogoua ya ratsa tsakiyarta, ga babban masallacin Juma'a a gefensa, ga kuma ƙatuwar kasuwar bene da suke kira Forum. Faransanci da Julanci su ne harsunan ciniki, amma ba ka yin taku ashirin ba ka ji Hausa ba, galibi ta mutanen Tawa da Maraɗi da Dogon Dutsi.

Mutanenmu sun yi suna a garin nan ta hanyar abinci. Akwai wani tsakin rogo da ake turarawa, sunansa aceke, a haɗa shi da soyayyen kifin teku da attarugu da albasa. Sunan wannan haɗi garba, kuma kowa a Abijan ya san Hausawan Nijar ne suka fi sayar da shi. Haka nan mai teburin kofi da burodi na bakin hanya, aboki suke ce masa. Ka ji inda sunayenmu suka shiga bakin mutanen da ba su taɓa ganin Kano ba.

Kawu da goro ya fara, yana sarowa daga Anyama yana aikawa arewa, daga baya ya koma sayar da tabarmi da darduma da carbi. Yanzu gwiwa ta fara ba shi matsala, amma kullum sai ya fita. A daren farko, bayan mun ci tuwo, na ce masa, "Kawu, ai lokacin hutu ya yi." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, hutu na masu fansho ne. Mu fanshonmu 'ya'ya ne da ɗan gidan da muka gina a gida. Amma tun da kai ɗan boko ne, gobe zan kai ka wurin abokina a Tireshbil, shi ma malami ne irinka, ka ji daga bakin mai ita."

TIRESHBIL

Abijan gari ne da ruwa ya yayyanka. Wani makeken tafki mai haɗe da teku, wanda ake kira Ebriye, shi ya raba unguwannin. A tsakiya akwai Filato, inda dogayen benayen ma'aikatun gwamnati da bankuna suke. A zamanin mulkin mallaka nan ce unguwar Turawa, aka tura baƙar fata arewa zuwa Ajame, bayan barikokin soja, da kudu zuwa Tireshbil, a ƙetaren ruwa. Saboda haka leburori da akawuna da masinjoji da suka gina garin, a unguwannin nan biyu suka zauna, kuma a nan da yawansu suka tsufa.

Sunan Tireshbil daga wani Bafaranshe aka samo shi, Marcel Treich-Laplène. Muka ƙetara ta gadar Houphouët-Boigny, wadda aka buɗe a 1957, mai hawa biyu, motoci a sama jirgin ƙasa a ƙasa. Jirgin nan a da sunansa Abijan-Nijar, ya isa Wagadugu a 1954, amma bai taɓa taka ƙasar Nijar ba. Unguwar a shirye take kamar allon lissafi, tituna a miƙe, kowanne da lambarsa maimakon suna. A nan aka kafa jam'iyyar PDCI a 1946, kuma tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1951 tana maƙwabtaka da ita. Gidajen tsofaffi ne na haya, tsakar gida ɗaya ɗakuna goma, famfo ɗaya.

A irin wannan gida muka sami abokin Kawu, zaune a kujerar katako da rediyo a gefensa. Dattijo ne ɗan asalin Bunduku, tsohuwar kasuwar goro ta gabashin ƙasar, ya ce kakansa daga Kano fatauci ya kai shi can, shi ya sa Hausa ta zauna a bakinsa, ko da yake tana da ɗan gishirin Julanci. Na durƙusa na gaishe shi. Da Kawu ya gaya masa sana'ata sai ya kama hannuna ya ce, "Malam, zauna kusa da ni. Ƙurar alli ɗaya muka shaƙa."

LABARIN BABA MALAM

Ya fara koyarwa ne a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin koko da kofi suka cika baitulmali, har gwamnati ta sa talabijin a azuzuwan firamare ana koyar da yara da shi. Ya ce a lokacin malami sarki ne, albashinsa ya fi na sauran ma'aikata masu takarda irin tasa, ga gidan gwamnati. Ba wanda yake tunanin fansho, don kowa na ganin rijiyar ba za ta ƙafe ba.

Sai farashin koko ya faɗi a kasuwar duniya. A 1987 ƙasar ta ce ba ta iya ci gaba da biyan basussukanta na waje. A 1989 aka rage kuɗin da ake sayen kilon koko a hannun manomi daga sefa 400 zuwa 200. Aka daskarar da ƙarin albashi: ana yi wa ma'aikaci ƙarin girma a takarda, amma aljihunsa bai sani ba, kuma ba a saki wannan ƙulli ba sai a 2014 da 2015. A 1990 da aka yi yunƙurin yanke albashin kansa, ma'aikata da ɗalibai suka fito kan titi. A 1991 aka fito da tsarin da sabon malami zai ɗauki albashin da bai kai na tsohon malami ba, alhali aji ɗaya suke shiga, kuma sai a 2001 aka soke shi. Ƙanen Baba Malam yana cikin waɗanda abin ya faɗa wa. Sa'an nan a watan Janairu na 1994, wata guda bayan rasuwar Shugaba Houphouët-Boigny, aka karya darajar sefa da rabi. Ya ce tsofaffin da suke karɓar fansho a lokacin sun kwanta da kuɗinsu cif, suka tashi kuɗin na nan yadda yake, amma magani da duk wani abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo.

Na ce, "Baba, to ina ruwan faɗuwar koko da asusun fansho? Ai kuɗin ma'aikata ne da aka yanka aka ajiye." Ya girgiza kai ya ce, "A nan kuka yi kuskure, ku yaran yanzu. Ba a ajiye komai ba. Adashi ne."

ADASHI DA ASUSU

Wannan kalma ita ta buɗe mini kai, don haka bari in tsaya a kanta. Hanyar biyan fansho iri biyu ce a duniya. Ta farko kamar adashi take: abin da aka yanka daga albashin masu aiki a wannan wata, shi za a kwasa a biya tsofaffi a wannan watan, kai kuma in ka tsufa 'yan baya su zuba maka. Ta biyu kamar asusu take: abin da aka yanka maka ana tara maka shi da sunanka, ana juya shi, ranar da ka ajiye aiki a fasa maka.

Kwaddibuwa adashi ta gada daga Faransa. A 1977 ta kafa hukumar da ke riƙe da adashin ma'aikatan gwamnati, wadda ake taƙaita sunanta da CGRAE, ma'aikatan kamfanoni kuma tasu hukumar ita ce CNPS. Kafin 2012 ana zuba kashi 18 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci ya ba da 6, gwamnati ta ba da 12. To, kowace uwar adashi ta san sharaɗin abin: masu zubi su fi masu kwasa yawa. A shekarun tsuke bakin aljihu gwamnati ta rage ɗaukar sababbin ma'aikata, albashin da ake yankar zubin daga cikinsa ya tsaya cak, su kuwa ɗimbin ma'aikatan da aka ɗauka lokacin wadata suka fara ajiye aiki rututu. Zubi ya kasa kwasa. Duk shekara sai gwamnati ta cike giɓin daga kasafin kuɗinta, wato daga tukunyar da ake gina makarantu da asibitoci. Ga kuma ƙa'idar da ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma suka kafa wa kansu a 1999, cewa kada albashin ma'aikata ya wuce kashi 35 cikin ɗari na harajin da ƙasa take tarawa. Ka ga ministan kuɗi ya shiga tsaka mai wuya.

A watan Afrilu na 2012, shekara guda bayan rikicin zaɓen da ya girgiza garin nan, gwamnatin Shugaba Alassane Ouattara ta yi wa adashin garambawul. Zubi ya tashi daga kashi 18 zuwa 25, ma'aikaci 8.33, gwamnati 16.67. Shekarun ajiye aiki suka tashi daga 57 zuwa 60 ga yawancin ma'aikata, daga 60 zuwa 65 ga manya. Aka kuma taɓa lissafin fanshon kansa. A da kowace shekarar aiki tana ba mutum kashi 2 cikin ɗari na albashinsa, aka mai da ita 1.75. Mu malamai ne, bari mu buga: shekara 30 sau 2, kashi 60 ke nan, shekara 30 sau 1.75, kashi 52 da rabi. Bayan haka aka ce maimakon albashin ƙarshe, za a duba matsakaicin na shekara biyar na ƙarshe, aka kuma cire wasu alawus na iyali.

Da waɗanda suka fara ajiye aiki a ƙarƙashin sabon lissafi suka ga abin da ya fito musu, sai magana ta tashi. A watan Janairu na 2017 ma'aikatan gwamnati suka tafi yajin aiki na kusan mako uku, makarantu suka rufe, asibitoci suka koma aikin gaggawa kawai. Gwamnati ta sassauta: aka koma lissafi da albashin ƙarshe, aka maido da kuɗin da ake ba iyalin ma'aikacin da ya rasu da ƙarin masu 'ya'ya da yawa, amma ƙarin zubi da ƙarin shekaru suka zauna. A watan Agusta na shekarar aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta shekara biyar, gwamnati ta amsa bashin ariyas na sefa biliyan 249 da ɗoriya, ta ce za ta biya kashi-kashi cikin shekara takwas. A 2021 kuma aka ƙara asusu a kan adashin: sabon ma'aikaci ana yankar masa kashi 5 cikin ɗari ana tara masa da sunansa. A 2024 aka fara ba tsofaffi wani kari sau ɗaya a shekara, a watan Satumba, daidai da kashi ɗaya bisa uku na fanshon wata, aka kuma ƙara shi a 2025. An zaɓi Satumba daidai, don lokacin komawa makaranta ne, kuma Baba Malam ya ce nasa a kan littattafan jikoki yake ƙarewa.

Na tambaye shi ko yanzu kuɗin na zuwa a kan kari. Ya ce lokacin da ya ajiye aiki ya sha jira kafin fanshon farko ya fito, har ya sayar da rediyonsa da babur, amma yanzu duk ƙarshen wata yana shiga banki. Kukansa ɗaya ne, kuɗin haya da na magani sun fi fanshon saurin gudu.

Ana cikin haka wani maƙwabcinsa ya sa baki, ya ce mahaifinsa sojan Faransa ne da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon sojojinta 'yan Afirka, Bature na karɓar ƙari duk shekara, abokin ramin yaƙinsa baƙar fata na nan inda aka bar shi. Sai a 2001 wata babbar kotun Faransa ta ce wannan wariya ce, a ƙarar wani tsohon soja ɗan Sanigal mai suna Amadou Diop, kuma kafin a gama daidaita abin yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ya ce mahaifinsa yana cikinsu. Na yi shiru, don na tuna da nawa.

MU FA A GIDA?

A jirgin ruwan haya muka ƙetaro zuwa Filato da yamma, ina kallon benayen ma'aikatu ina auna abin da na ji da namu na Nijeriya. Mu a da ko adashin ma ba mu da shi sosai, daga kasafin kuɗin shekara kai tsaye ake biyan fansho da garatuti, in an ware an biya, in ba a ware ba tsoho ya yi ta jira. A 2004 Gwamnatin Tarayya ta koma tsarin asusu, ma'aikaci kashi 7 da rabi, gwamnati 7 da rabi, a 2014 aka mai da shi 8 da 10. Jihohi kuwa kowace da kiɗan da take takawa. A 2022 aka yi dokar da ta ba malamai damar kaiwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki.

Abin da na fahimta shi ne, adashi da asusu kowanne yana da inda yake yoyo. Adashi na mutuwa in masu zubi suka ragu, asusu kuma tsadar kaya na cinye shi a tsaye, kamar yadda gara take cin buhu. Amma dukkansu biyu abu guda ne yake kashe su farat ɗaya, shi ne gwamnati ta yanki kason ma'aikaci ta ƙi zuba nata. Fansho albashi ne da aka jinkirta, bashi ne a wuyan hukuma, kuma wurinsa a kasafin kuɗi yana gaba da sabuwar sakatariya da motocin manya. Abin da ya burge ni da mutanen Kwaddibuwa shi ne an fito da lissafin fili, an yi rigima a kansa, an rubuta adadin bashin da shekarun biyansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana malamai, kada mu jira sai furfura ta gama fitowa. Kowa ya adana takardar ɗaukarsa aiki da ta tabbatarwa da ta kowane ƙarin girma, ya riƙa duba takardar albashinsa ya ga nawa aka yanka, ya bi sawu ya ga ko ya isa inda aka ce. Shugabannin ƙungiyoyinmu kuma, in an gabatar da kasafin kuɗi a majalisar jiha, su nemi shafin fansho su karanta mana shi a taro. Da sanyin safiya ake kama fara.

KOMAWA AJAME

Da muka koma gida da dare na tarar zuciyata ta fi karkata ga Kawu. Duk wannan lissafi na kashi 18 da kashi 25 bai shafe shi ba, bai shafi mai garba da aboki mai kofi da mai turin baro ba, alhali su ne suka fi yawa a Ajame. Baƙo ba ya aikin gwamnati, ɗan kasuwa ba ya da takardar albashi. Na gaya masa cewa a 2019 ƙasar ta yi dokar da ta buɗe wa masu sana'ar kansu ƙofar zubi a CNPS domin tsufa da rashin lafiya, na ce ya kamata shugabannin Hausawan garin su je su ji sharuɗɗan su bayyana wa matasa. Ya ce, "Ni dai rana ta yi mini, ɗana. Amma gaya wa ƙannenka, kada su yi irin tawa." Washegari da asuba na ji yana jan ƙafa yana neman makullin rumfa.

Ranar da zan taso, Baba Malam ya aiko jikansa da ƙullin goro fari guda ashirin, da saƙon cewa in na isa gida in ɗauko fayil ɗin mahaifina in ci gaba da bi, don haƙƙin marayu ne da gwauruwa, ba a barinsa. Na karɓi goron, na kuma karɓi saƙon. Makon da aka koma makaranta na kakkaɓe fayil ɗin na sake kai shi, an ce in dawo wata mai zuwa.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu, Ya sa mu gama aiki lafiya mu ci guminmu da ranmu, Ya ji ƙan iyayenmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.